Za mu kai Hajiya da jikokinta hutu tsibiri: ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Makka ne. Mu uku ne wajen mahaifiyarmu: ni, ƙanena, da ƙanwarmu da ke aure a Jidda. Mun yi shawarar mu ɗauki Hajiya da iyalanmu mu je wani tsibiri mu huta, mu goma sha biyar. Hajiya ta ba saba'in baya, tana da ciwon suga da ciwon gwiwa. Ƙaramin cikinmu bai cika shekara biyu ba. Mu goma sha ɗaya fasfon Najeriya gare mu da iƙama (katin izinin zama a Saudiyya), ƙanwarmu da mijinta da 'ya'yansu biyu kuwa fasfon Saudiyya. Yara sun nace sai Maldif saboda abin da suke gani a waya. Ina ya fi dacewa da mu, kuma me za mu fara yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Na daɗe ina yanka wa iyalai tikiti da kama musu masauki a nan Jidda, kuma tafiya irin taku ita ce wadda na fi jin daɗin shiryawa, ita ce kuma ta fi saurin lalacewa idan an yi mata gaggawa.

Malam, abu uku ne za su zaɓa muku tsibiri: gwiwar Hajiya, yaron da ke goye, da koren fasfon da ke hannun mutum goma sha ɗaya. Duk wurin da ya karɓi waɗannan ukun zai karɓi sauranku. Saurayi ɗan shekara ashirin ko'ina aka jefa shi zai ji daɗinsa.

Mu fara da takarda, don ita ce ke da dogon jira. A daren nan ka sa a tattaro fasfo goma sha biyar ɗin a kan tabarma ɗaya, ka buɗe kowanne da hannunka. Duk wanda ba zai kai wata shida yana aiki ba daga ranar da za ku sauka, a ware shi a kai sabuntawa. Na yara aka fi mantawa da shi. Sabunta fasfon Najeriya yanzu sai da lambar NIN, kuma sunan da ke jikinta sai ya dace da na fasfo, saboda haka ku nufi ƙaramin ofishin jakadanci na Jidda da wuri. Sannan kowane mai iƙama sai an fitar masa da bizar fita da dawowa, wadda muka fi sani da huruj da auda, ta Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya. Riyal 200 ne ga tafiya ɗaya ta wata biyu, wato ku kun ci 2,200 tun ba ku taka filin jirgi ba. Ba za ta fita ba idan akwai tarar mota da ba a biya ba, ko iƙamar ta kusa mutuwa, ko kuɗin iyali na wata-wata bai rufe kwanakin tafiyar ba. Ku sa wa bizar kwanaki fiye da na hutun. Jirgi kan yi latti, tsoho kan kwanta rashin lafiya.

To, Maldif da yara ke so. A fannin biza babu wadda ta kai ta sauƙi gare ku: ana buga wa baƙo izinin kwana 30 kyauta a filin jirgin Velana, mai koren fasfo da ɗan Saudiyya layi ɗaya, in dai akwai tikitin dawowa da shaidar masauki, an kuma cike takardar shiga ta intanet da suke kira Imuga kafin tashi. Ƙasar Musulmi ce, Ibn Batuta ma ya yi alƙalanci a cikinta. Sai dai abin da waya ba ta nuna wa yara shi ne yadda ake isa ɗakin nan da ke tsaye a kan ruwa. Ƙasar tsibirai ne kusan 1,200 warwatse a teku, kuma yawancin manyan otal kowanne tsibirinsa daban. Daga filin jirgi ko dai a shiga ƙaramin jirgin ruwa mai gudu, ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda ba ya tashi sai da rana. Wani lokaci ma ba a bakin gaɓa yake sauka ba, a kan wani dandamali ne da ke lilo a tsakiyar ruwa, daga nan a tsallaka cikin kwale-kwale. Na taɓa kama wa wani iyali irin wannan wuri, ban tambayi lafiyar ƙafar kakarsu ba. Sai da 'ya'yanta maza biyu suka ɗaga ta cak a gaban baƙi, ta yi kuka, ta kuma shafe kwanakin nan tana fargabar ranar komawa. Tun daga ranar, tambayata ta farko ga kowane iyali ita ce: tsohuwarku matakala nawa take iya hawa ba a riƙe ta ba?

Ɗakunan kan ruwa ba na mai yaro ɗan shekara biyu ba ne. Otal da yawa ma ba sa yarda a kwana da ƙananan yara a cikinsu, kuma suna da gaskiya. A manyan otal ana sayar da giya, shigar baƙi kuma ka san irinta. Tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, irin su Maafushi da ke kamar rabin awa daga Male, babban birnin ƙasar, a jirgin ruwa mai gudu, su ne suka fi kusa da ɗabi'armu: babu giya, ana jin kiran salla, masaukin kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Ku lura da farashin da ake nunawa a intanet, don sau da yawa ba a haɗa da kuɗin hidima kashi 10 cikin ɗari da harajin gwamnati kashi 17 ba. Ga kuma harajin muhalli a kan kowane mutum kowane dare, dala 12 a manyan otal, 6 a ƙananan masaukai, ban da yaron da bai kai shekara biyu ba. Mutum goma sha huɗu a babban otal, kwana bakwai, wannan harajin kaɗai ya haura riyal 4,400.

Babbar matsalar Maldif gare ku ita ce lokaci. Raninsu daga Disamba ne zuwa Afrilu. Dogon hutun makarantunmu kuwa, Yuli da Agusta, yana faɗowa tsakiyar daminarsu, lokacin da iska ke tayar da teku. Ana samun ranaku masu kyau, amma jirgin ruwa mai gudu a kan teku mai tashi dukan baya ne da jiri da amai, kuma manyan asibitoci suna Male da Hulhumale ne. In har Maldif ɗin za a je, a je a hutun tsakiyar shekara, a kuma zauna inda bai wuce rabin awa daga filin jirgi ba.

Idan dogon hutu kuke nufi, ni Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya zan kai ku. Tana kudu da tsakiyar duniya, don haka lokacin da zafin Makka ya haura 40, su sanyinsu ke nan, rana ba ta cika kaiwa 30 ba, ruwan sama kuma ya ɗauke. Babbar daminarsu daga Maris ce zuwa Mayu. Babban tsibirin, Unguja, yana da filin jirginsa da titunan mota, saboda haka Hajiya za ta fito daga jirgi ta shiga mota har ƙofar masauki, ƙafarta ba ta taɓa kwale-kwale ba. Galibin mutanen Musulmi ne, matansu da lulluɓi, harshensu na Suwahili cike da Larabci, har yaranku za su riƙa tsintar kalmomi. Abin da ya fi burge ni game da ita saboda tsofaffinmu shi ne abinci. Abin da suke kira ugali tuwon masara ne, uji kuma kunu ne. Akwai kuɓewa, akwai rogo, akwai wake, akwai bishiyar kuka. Tsohuwar da ta kwana uku ba ta ga tuwo ba za ta fara maganar gida, ko da a fadar sarki aka sauke ta.

Ƙayar da ke ciki ita ce biza. Ƙanwarka da iyalinta za su samu tasu cikin sauƙi, dala 50. Mai fasfon Najeriya ko na Nijar kuwa yana cikin waɗanda Tanzaniya ba ta buga wa biza a filin jirgi. Sai an nema ta intanet an jira amincewar hukumar shige da fice, kuma su da kansu suna cewa a nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kada kuma a yanki tikiti sai ta fito. Ni ina cewa wata uku zuwa huɗu, tunda ku goma sha ɗaya ne, kuma ta mutum ɗaya in ta maƙale ta riƙe kowa. Ban da biza, tun Oktoban 2024 kowane baƙo sai ya sayi inshorar gwamnatin Zanzibar, dala 44 ga babba, kimanin riyal 165, ko da yana da wata inshorar. Tafiyar yawanci da canjin jirgi ce a Addis Ababa ko Doha ko Dubai. Ku zaɓi wadda jiranta yake tsakanin awa biyu da huɗu: ƙasa da haka ba za ku iya gudu da tsohuwa da goyo ba, fiye da haka kuma yara za su gaji su gajiyar da kowa.

A Zanzibar ɓangaren da aka sauka yana da muhimmanci. A gabas, wajen Paje da Jambiani, teku kan janye nesa sau biyu a yini, sai ka ga fili fetal da ciyawar ruwa da wasu halittu masu ƙaya da ke huda ƙafa, ga iskar kudu da suke kira kusi tana kaɗawa a watannin nan. A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwan bai cika janyewa ba, an fi jin daɗin wanka, amma akwai hayaniyar baƙi da kiɗa da dare, kuma kusan awa ɗaya da rabi ne daga birnin Zanzibar. Ga iyali irin naku ina son gida a arewa, ɗan nesa da tsakiyar hayaniyar. Tsohon garin Zanzibar, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, gidajensa masu hawa ne da matakala tsaye. A je a gani da hantsi a dawo, kada a kwana da Hajiya a can. Gonakin kayan ƙamshi kuwa kada ku bari su wuce ta. Macen da ta shekara hamsin tana daka kanumfari da masoro da kirfa a turmi, ranar da ta ga bishiyarsu a tsaye, ta tsinka da hannunta ta shinshina, za ta daɗe tana ba da labarin. Yara kuma a kai su dajin Jozani su ga jajayen birai.

Langkawi ta Maleshiya zan ambata a taƙaice. Tituna masu kyau, asibitin gwamnati a kan tsibirin, abincin halal ko'ina, wurin salla a kowane lungu. Amma awa tara ne daga Jidda zuwa Kuala Lumpur, a ƙara wani jirgin na awa ɗaya, kuma mai fasfon Najeriya sai da biza tun daga nan. Ga gwiwar Hajiya na ga ya yi nisa.

Akwai shawarar da na fi so ku ɗauka kafin duk waɗannan. Muna da tsibirai a cikin ƙasar nan, kuma da yawa cikinmu an haife mu an girma ba mu taɓa zuwa ba. Farasan na nan a Bahar Maliya, kimanin kilomita 50 daga Jizan. Babu biza, babu huruj da auda, iƙama kaɗai ta isa. Babban jirgin ruwan da ke zuwa can, abbara, kyauta ne, yana tashi safe da yamma, yana kuma ɗaukar motoci, sai dai gurbin mota sai an kama da wuri. Tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da 'yan kai. Akwai farin yashi da ruwa garau, akwai barewa, akwai kurmin itatuwan cikin ruwa da ake kewayawa da kwale-kwale, akwai gidan Rifa'i, attajirin lu'ulu'u, mai ado a bango, da tsohon ƙauyen Ƙassar. UNESCO ta sa tsibiran cikin wuraren da ake kare halittunsu a 2021. Masaukai ba su da yawa kuma ba na ƙawa ba ne, zafi da gumi na bazara kuma ba a magana, don haka lokacinsa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Daga Makka zuwa Jizan kusan kilomita 700 ne ta Lis da Ƙunfuza. Matasa su tafi da motoci, Hajiya da mai goyo su bi jirgin sama daga Jidda. Ku yi kwana uku a can. A kwana ukun nan za ku gane ko Hajiya na jure jirgin ruwa, wane yaro ne ke ruga wa teku ba tsoro, su wa ke iya kwana ɗaki ɗaya, nawa kuke ci a yini. Gani ya kori ji, kuma kuskuren da aka yi a Farasan bai kai tsadar wanda aka yi a wata ƙasa ba.

Maganar masauki ita ce inda zumunci ke gyaruwa ko ya yi tsami. Kun saba kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, da salla, to irin wannan tunanin za ku yi: gida guda mai sassa ya fi ɗakunan otal biyar a hawa daban-daban. Ɗakin Hajiya a ƙasa, da banɗakinsa a ciki, mai wurin wanka na tsaye wanda ba sai an ɗaga ƙafa an shiga kwami ba. Kada ka yarda da hoton da aka sa a talla. Ka ce a ɗauko maka bidiyo daga inda mota ke tsayawa har bakin gadonta, ka ƙirga matakalar da kanka. Ka tuna akwai kunya a tafiyar nan. Mijin ƙanwarku surukin Hajiya ne, matanku kuma ba muharramansa ba ne, kamar yadda matarka ba muharramar ƙanenka ba ce. Idan falo ɗaya ne tak, matan za su wuni cikin hijabi a gidan da aka biya kuɗi don su sake. A nemi mai wurin zama biyu, in akwai wurin wanka na gida a tabbata katanga ta kewaye shi, a kuma raba lokaci: mata da safe, maza bayan la'asar. Wurin wankan nan kuma dole ya zama mai ƙofa ko shinge saboda ƙaramin.

Wani abu da maza ba mu cika lura da shi ba: in an kama gida mai kicin, matan ne za su koma girki da wanke-wanke na mutum goma sha biyar, a kicin ɗin da ba su saba da shi ba. Wannan ba hutu ba ne a wajensu. Gidajen haya da yawa a Zanzibar suna zuwa da mai dafa abinci. Ku biya wannan kuɗin da zuciya ɗaya. Abin da za a dafa da hannu shi ne na Hajiya kaɗai. A tafi da garin kunu, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa da yaji, a ɗaure su da kyau. Kilishi da dambun nama a bar su a gida, don ƙasashe da yawa ba sa barin a shiga da nama.

Kuɗi kuma a gama maganarsa ku uku tun a Makka, a ɗaki, ba a gaban mata da yara ba. Samu ba ɗaya ba ne, yawan 'ya'ya ba ɗaya ba ne. Abin da na ga ya fi zaman lafiya shi ne kowa ya ɗauki tikiti da bizar iyalinsa, a raba na Hajiya uku, sannan a zuba na gida da abinci da mota a asusu ɗaya a hannun mutum ɗaya mai rubutawa. A ware kashi ɗaya cikin goma na abin da ba a zata ba. Wanda ya fi hali in zai ƙara, ya ƙara a asirce.

Lafiyar Hajiya: ta ga likitanta wata guda kafin tafiya, ya rubuta takarda da Turanci mai sunayen magungunanta na asali. Maganin ya ninka na kwanakin tafiya, a raba shi jaka biyu, duka na hannu. In tana allurar insulin kada ta shiga cikin kayan da ake aunawa, sanyin can yana lalata ta, kuma a tambayi masauki ko akwai firiji da janareto. A nemi keken turawa daga kamfanin jirgi aƙalla kwana biyu kafin tashi, a kowane zango, ko da ta ce ba ta so. Ka ce mata irin na ɗawafi ne. A cikin jirgi ta riƙa motsa ƙafa tana shan ruwa. Abin da na fi jin tsoro ga mai suga a bakin teku shi ne ƙafa: yashi mai zafi da tsinin murjani suna yanka ba ta ji ba. Kada ta taka ƙasa ba takalmi, kuma kowane dare 'yarta ta duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Inshorar da ke kan iƙama yawanci ta cikin ƙasa ce, don haka a saya mata ta tafiya, a kuma bayyana ciwonta a takardar. Zanzibar akwai zazzaɓin cizon sauro ko da ba shi da yawa, waɗanda aka haifa a Makka kuwa jikinsu bai san shi ba. A tambayi likita maganin rigakafi, a kwana cikin gidan sauro. In wani zai taso daga Najeriya ya same ku a can, ya riƙo katinsa na rigakafin ciwon shawara.

Yara da teku: ruwa ba sa'an kwando ba ne. Wanda ya iya iyo a bakin tekunmu na Ubhur ko Shu'aiba bai san igiyar babban teku ba. Ku sayi rigunan ceto daidai jikin kowane yaro tun daga Jidda. Duk lokacin da yara ke cikin ruwa a ambaci sunan babba ɗaya wanda aikinsa kallonsu ne, ba waya a hannunsa, in ya gaji ya miƙa wa wani da baki. Inda manya suka yi yawa, kowa yakan ɗauka wani na kallo.

Fita ɗaya a yini ta isa, da hantsi, a dawo kafin azahar a yi ƙailula. Matasa in suna son zuwa kallon kifi a cikin teku su tafi, amma a riƙa karɓa-karɓa wajen zama da Hajiya, kada ya zama kullum suruka ɗaya ce aka bari. In ka tambaye ta abin da take so za ta ce duk abin da kuka yi daidai ne. Ka tura ƙanwarku ta tambaye ta su biyu. Mai yiwuwa abin da za ta ce bai wuce a shimfiɗa mata darduma a inuwa inda za ta ga ruwa, jikoki na kai da kawo a gabanta ba.

Game da salla, a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ya daina ƙasaru, don haka ku tambayi malaminku kafin ku tashi. Kun saba ganin alƙibla a gabanku a Harami. A Maldif arewa maso yamma za ku fuskanta, a Zanzibar kuwa kusan arewa sak.

In Yuli kuke nufi, fasfo ya gama sabuntuwa a Fabrairu, takardun bizar Tanzaniya su shiga a Maris, a kama gidan da ake iya fasawa ba asara, tikiti kuma sai biza ta goma sha ɗaya ta fito. Farasan kuwa ku sa ta a hutun Janairu, ka kama gurbin motoci a abbara da zarar an buɗe.